Karsanar da Na Ci a Hannun Taubashina

A zamanin Nasara, lokacin da gyaɗa take tashe a ƙasar Magarya, ni saurayi ne mai ji da kansa a wani ƙauye kusa da Sassumbrum. Da damina in yi noma, da rani in bi kasuwanni. Abin da aka san ni da shi karta ce, kuma ko yanzu da furfura ta rufe ni ba zan yi ƙaryar tawali'u ba: na iya. Wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Turawa ya kawo mana wasan da yake kira foka. A ba kowa karta biyu ya ɓoye, a buɗe uku a tsakiyar tabarma kowa ya haɗa da nasa, a zuba kuɗi, sannan a ƙara buɗe biyu. Duk cikinmu ni kaɗai na gane abin da sojan yake nanatawa, cewa na tabarma ake kallo kafin na hannu. In ukun nan suka fito a warwatse, mai manyan karta ya sha kuruminsa. In kuwa suka fito a jere kamar 'yan ɗaki ɗaya, ko sarki biyu kake riƙe da su ka ja baya, don wani yana nan zaune shiru da sauran danginsu.

Taubashina, ɗan gwaggona, bai taɓa gane wannan ba. Shi kaɗai gwaggo ta haifa, mijinta kuma ya rasu. Tare muka tashi, ina kiransa bawana yana kirana ubangidan tsiya, don tsakanin taubasai ba a fushi. Yaro ne mai kirki, amma da ya ga babbar karta sai ya tura hularsa baya, ya fara murmushi shi kaɗai. Ko makaho ya san abin da ke hannunsa.

Wata ranar kasuwa gwaggo ta ba shi karsanarta ja, ita ke nan gare ta, ya sayar a biya lanho, wato harajin Nasara. Bai sami tayin kirki da safe ba, sai ya ɗaure ta a gindin tsamiyar da muke zama, ya ce zai taɓa hannu ɗaya kafin dillalai su dawo daga azahar. Aka raba. Na ga hula ta koma baya. Aka buɗe bakwai da takwas da tara, ni kuma shida da goma ne a hannuna. Biyar a jere. Sauran 'yan wasa suka dubi tabarma suka zubar da nasu, shi ya zuba duk abin da ke aljihunsa. Da na ƙara kuɗi sai ya dubi kartar nan uku, ya yunƙura zai janye. A rayuwarsa ranar ce ya fara karanta tabarma daidai.

Ni na hana shi. Na ce a gaban jama'a dama bawa ba ya iya haɗa ido da ubangidansa, ya tashi ya je ya yi wa karsana fifita. Aka kwashe da dariya. Ba shi da damar fushi da ni, ba shi kuma da abin zubawa, sai ya nuna tsamiya ya ce ya sa karsanar. Tsohon sojan ya ce masa kada ya yi, ya ce mini in bari. Ban bari ba. Aka buɗe biyun ƙarshe, ba su ƙara masa komai ba. Ya ajiye sarakunansa biyu, ya daɗe yana kallonsu, ya tashi ya karkaɗe rigarsa.

Wallahi niyyata in ja shi da tsiya kwana biyu, in sa ya gaishe ni a durƙushe, in mayar masa. Amma bai koma gida ba. Masu jakuna suka ce sun gan shi ya wuce Mallawa a ƙasa, ya nufi ƙasar Ingilishi. Na ja karsanar har ƙofar gwaggo. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ce ba karsana ta aika kasuwa ita kaɗai ba, in koma in kawo mata su yadda suka fita, su biyu. Na biya lanhon, na tsallaka iyaka na bi tashoshi da kasuwanni har ƙafata ta fashe, ban ji ɗuriyarsa ba. Gwaggo ta rasu tana amsa gaisuwata da kai kawai.

Tun ranar ban sake taɓa karta ba, ko da yake har gobe in na ga uku a jere na san wanda zai yi kuka. Masu karatu, ba zan ce muku caca tana cinye mai wasa ba, kun sha jin wannan wa'azi. Ni ci na yi, kuma cin ne ya fi zafi. Ku kiyayi tsokanar mutumin da ba shi da ikon rama muku, musamman a gaban jama'a, kuma in ɗan'uwa ya yunƙura zai janye daga abu, ku matsa masa hanya. Karsanar nan ta haihu, 'ya'yanta sun haihu. Ina kiwonsu, ba na sayarwa, ba na shan nononsu. Yarana sun san ba sa cikin gadonsu. Na bawana ne, ranar da ya dawo.