Bangon Gabas na Zauren Baƙi

Zauren baƙin da mahaifina ya bar mini a Gure ya girme ni. An gina shi tun lokacin da Faransawa suka fara zama a garin, fatake masu ɗauko kanwa da manda kuma nan suke sauka. Tsarin gidan bai taɓa canzawa ba. Baƙo ya sha ruwan randa tukuna, sannan fura, sannan a tambaye shi daga ina.

Akwai al'ada guda. Duk madugun da ya sauka karo na farko yakan zana alamar raƙumansa a bangon gabas da bakin wuƙa. Ni dai a lokacin ƙazanta nake ganin abin.

Shekarar da zauren ya dawo hannuna, damina ta ci bangon. Na ɗebo laka daga kwari, na kwaɓa da ciyawa, na fara yaɓe daga dama zuwa hagu kamar yadda ya kamata. Na rufe rabin bangon gabas sumul, ina jin daɗin aikina.

Da hantsi wani dattijo Bamange ya sauka daga wajen Bune. Ya ƙi ruwa. Ya wuce wurin bangon gabas yana shafawa da tafin hannu.

"Ɗana, ina alamar yayana? Nan take, daidai kafaɗata."

Na ce, "Baba, gyara nake yi."

"Gyara! Ubanka shekara talatin yana gyara, bai taɓa binne kowa ba."

Ya gaya mini yayan nasa ya bi ayari arewa bai dawo ba, ba kabari, ba labari. Wannan zanen kawai ya rage, kowace shekara nan yake tsayawa ya yi masa addu'a.

Lakar ba ta bushe ba. Muka kankare ta da sakaina a hankali, shi yana nunawa, ni ina cirewa. Alamar ta fito, layi biyu da ɗigo, gefe ɗaya ya ɗan gutsure. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce a kawo masa ruwan.

Tun ranar na gyara tsarin yaɓe. Bango uku ake shafewa. Na gabas kuwa da yatsa ake cike tsagarsa, ni da kaina, ba na ba kowa. Ayari ya ragu yanzu, amma alamomin suna nan.