Cinyar Azariya

Ni na jawo Azariya cikinmu, kuma har yau ina cizon yatsa.

Manomin citta ne daga gefen Kagoro, gajere, ƙafafunsa kamar taɓare. Tun yana yaro yake hawa dutse da buhu a ka, bai taɓa sa takalmin gudu ba. Ni kuwa, Lawal, malamin motsa jiki ne a wata sakandare a Kafanchan. Shekara ashirin ina gudu a gefen layin dogo kowace asuba.

Wata likitar gashin ƙashi, Madam Catherine, ta zo bincike kan yadda cinya ke jure gajiya. Ta nemi mutum goma sha biyu su yi gudun nesa na mako goma, sannan ta auna su. Ƙungiyarmu ta 'yan gudu ta yanke shawara cewa wanda cinyarsa ta fi juriya shi zai wakilce mu a tseren Jos. Na daɗe ina mafarkin wannan tsere. Mutum ɗaya ya rage mu cika sha biyun, sai na kira Azariya ya cike gurbi.

Ranar awo, a kujera ake ɗaure mutum, a manna masa faifan roba biyu a cinya, a saki lantarki, tsoka ta riƙa harbawa da kanta. Na'ura kuma tana zana yadda ƙarfin ke raguwa.

"Ka saki jiki, kada ka taimaka mata," in ji likita da aka zo kaina.

Ni zan zauna na'ura ta yi mini gudu? Duk harbawa sai na ƙara da nawa ƙarfin a ɓoye. Kafin minti biyu cinyata ta mutu murus.

"Malam Lawal, ka sa ƙarfinka a ciki. Wannan awon ya lalace."

Azariya ya hau yana dariya. "Madam, wannan abu yana yi kaman kiyashi fa." Ya shiga ba ta labarin cittarsa da ta ruɓe bara, ƙafa tana ta harbawa, shi ko a jikinsa. Zanen da ke allo da ƙyar ya sauka. Hassada ta turnuƙe ni.

Shugabanmu Christopher ya miƙa masa rigar tsere. Azariya ya juya ta, ya tambayi ranar.

"Lahadi? A'a, ni ne mai ganga a coci. Ku ba Malam, shi ne yana so. Ni gudu bai dame ni ba."

Aka yi masa tafi. Na karɓi rigar, kunya kamar in nutse, amma ban iya cewa a'a ba.

Na je Jos, na yi gudun da ban taɓa yi ba a rayuwata, na zo na tara cikin mutum ɗari biyu. Da na dawo na faɗa wa Christopher, sai ya girgiza kai.

"Na tara? Kai! Da Azariya ne ya je fa?"