Abu Hayil Mai Sikeli da Turmin Fidda

Kafin yaƙi ya tashe mu daga Dara'a ta ƙasar Siriya, Mizyad, wanda kowa ke kira Abu Hayil da sunan ɗan farinsa, tumatir da kokwamba yake sayarwa a bakin kasuwa. Ranar gudu kowa ya suri abin da ransa ya fi so. Wasu zinare, wasu takardun gida, wata tsohuwa ma kejin tsuntsu ta ɗauko, tsuntsun kuwa ya riga ta gudu. Shi sikelinsa ya runguma, irin mai ƙugiya da ake ratayawa. Matarsa Fidda, 'yar baffansa, turminta na baƙin dutse ta ɗora a baro, ta turo shi har iyakar Jodan tana zagin duk ramin da ta tarar a hanya. Haka suka iso sansanin 'yan gudun hijira na Za'atari, miji da sikeli ba abin awo, mata da turmi ba abin daka. Allah ya san yadda yake haɗa aure.

Turmin ne ya fara samun aiki. Kubba ba ta yiwuwa sai an kirɓa nama da albasa da ɓarzajjen alkama a cikin dutse, kuma kaf layinmu na ɗakunan langa-langa ba wadda ta yi haukar ɗauko dutse sai Fidda. Duk wadda ta samu ɗan nama, ko don suna ko don baƙo, sai ta zo ta ƙwanƙwasa ƙofarta. Aro ba a hanawa a wurinmu, kuma abin aro ba ya komawa gidansu fayau. Kwano ne ko tukunya, dole ka sa wani abu a ciki, ko da ƙwayar zaitun ce. Saboda haka turmin ya fita da yunwa ya dawo da kubba, Fidda ta ci nama a shekarun da katin agaji bai san nama ba, ta kuma san sirrin kowane gida kafin masu gidan su gama saninsa.

Sikelin ya daɗe a rataye yana tsatsa, sai da aka fara kwasar mutane zuwa ƙasashen sanyi. Ma'aikatan agaji sukan tara masu tafiya su yi musu bayani, cewa kowace jaka kada ta wuce kilo ashirin da uku. Suna faɗin haka su naɗe allonsu su tafi, su bar mutane da tambayar da ta fi kowace: wa ke da sikeli?

Daga nan Abu Hayil ya zama babban mutum. Bai taɓa ganin cikin jirgi ba, jiragen da muka sani a sama kuwa ba fasinja suke ɗauka ba, amma wannan bai hana shi zama malamin jirgi na sansanin ba. Ya jera kujerun roba a ƙofar ɗakinsa, ya zaunar da dattawa biyu-biyu, ya ɗaure su da igiyar shanya yana koya musu ɗamarar kujera. Ya ce a tauna cingam don kada kunne ya toshe, har da waɗanda haƙoransu suka rasu tun zamanin zaman lafiya. Ya gargaɗe su kada su danna ruwan banɗaki suna zaune, wai akwai mutumin Homs da ya yi haka, sai hularsa aka kai wa iyalinsa.

Babbar fatawarsa ita ce jirgi jaka yake aunawa, ba mutum ba. Don haka duk wanda ya bi ta hannunsa ya bar Za'atari da riguna huɗu a jiki, da bargon agaji naɗe a ƙugu, yana tafiya kamar agwagwa. Mutane sun yi shekaru suna ramewa, ranar tafiya ɗaya ya mayar da su masu ƙiba. Wajen awo kuwa ba shi da uwa ba shi da uba. Ya rataya jakarka, ya dubi allura, ya zura hannu ya zaro abin da ka fi so. Kwalbar man zaitun, wai za ta fashe a sama. Yalon da aka tsuma a mai, wai karnukan Turawa za su shinshino shi. Mata sun yi kuka a gabansa, maza sun tsine masa, don zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Shi kuwa sai ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya zaro kuma ba ya barin ya lalace, saboda almubazzaranci haramun ne. A cikinmu shi kaɗai ne ya yi tumbi na gaskiya, ba na bargo ba.

Ana nan sai nasa kiran ya zo. Hayil ya riga su zuwa Kanada, wani gari na bakin teku mai suna Halifas, ya haifi ɗa da kakanni ba su taɓa gani ba sai a waya. Aka ce tsofaffin biyu su shirya. Kowa ya san irin wannan kiran: idan ka ce a dakata, sai ka tsufa kana dakatawa, kuma takardarsu ɗaya ce, ko su tafi tare ko su zauna tare.

Fidda ta ce to, Alhamdu lillahi, a auna turmi.

Wanzami ba ya son jarfa. Abu Hayil ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya kira maza biyu suka naɗe dutsen a buhu suka rataya. Allura ta wuce arba'in ba ta ko waiwayo ba. Ya gyara murya irin wadda yake yi wa matan mutane, ya fara bayanin dokar jirgi.

“Ɗan baffa, ajiye wa'azinka,” in ji Fidda. “Ni ba Kanada nake tsoro ba. An ce can kowa ya shiga gida ya rufe ƙofa, mutum ya mutu sai wari ya ba da labarinsa. Ba na jin yarensu, ba sa jin nawa. Wa zai ƙwanƙwasa mini ƙofa in ba ni da abin aro? Kai za su zo ara?”

Ya ce Hayil ya sayi injin niƙa nama. Ta ce injin ba ya kirɓa nama, tauna shi yake yi ya tofar, kuma ita ba ta cin abin da wani ya tauna. Ya ce jikansu fa? Ta ce jikan da zai tashi bai ji ƙarar turmi ba, gara ya ci gaba da ganinta a waya. Daga nan ta zauna a kan dutsen, ta ce inda ya kwana nan za ta kwana.

Abu Hayil ya gwada duk ilimin da ya sayar wa mutane. Ya tuna jirgi ba ya auna mutum, ya ba da shawara a ɗaura mata turmin a ciki ƙarƙashin abaya, a ce juna biyu ne. Ta tambaye shi, a shekarunta da nasa, wa zai yarda, kuma wa za a zarga? Ya je ofishin agaji ya tambaya ko za a sayar wa turmi kujera. Yarinyar da ke wurin ta ce sai in yana da fasfo. Ya tambaya inda ake yi wa turmi fasfo, ta kira masa mai ba da shawara kan damuwa.

Sai ranar da yake raba wa wani kayan jaka ɗaya zuwa jaka biyu hannunsa ya tsaya cak. Doka ba ta ce mutum kada ya wuce kaza ba, jaka ta ce.

Ya san Fidda ba za ta ba shi turmin ba, ya kuma san abin da ba za ta iya hanawa ba. Ya lallaɓa wurin Wadha, bazawarar da ke ƙarshen layi, wadda ke da tsohuwar jiƙaƙƙa da Fidda a kan igiyar shanya. Ya sayo mata nama. Wadha ta zo da fara'a har kunne, ta ce aro take so, za ta yi wa masu tafiya kubbar ban kwana. Fidda ta dube ta, ta dubi mijinta da ya duƙufa goge sikeli, ta tashi daga kan dutsen. Wadha ta yi dakanta tsaf. Daga gidanta baro bai nufi gidan Fidda ba, sai rumfar mai yanka tayil a kasuwar sansani. Har la'asar muna jin injin yana kuka.

Turmi ya dawo gida biyu, an tsaga shi daga baki zuwa gindi kamar kankana. Wadha 'yar mutunci ce, ba ta karya al'ada ba: kowane ɓari ta jera masa kubba.

Layin duka ya taru yana jiran ihu. Fidda ta tsuguna, ta shafa yankan da yatsa, ta ɗauki kubba ɗaya ta ci, ta ce gishiri bai ji ba. Sannan ta ɗago.

“Bama-bamai ba su tsaga shi ba. Hanyar iyaka ba ta tsaga shi ba. Ashe miji yake jira.”

“'Yar baffa, ai kowane ɓari ya shiga awo. Zo ki ga allura.”

“Na gani. Ɗaya a jakata, ɗaya a taka. Ranar da suka haɗu, ranar nake da miji cikakke. Kafin nan rabi gare ni.”

Haka suka tafi filin jirgin Amman, shi da riguna huɗu da bargo, don malami ba ya saɓa fatawarsa. Ma'aikatan da ke haska kaya suka ga wani abu kamar rabin wata, baƙi ƙirin, a jaka, suka buɗe, suka juya shi, suka shinshina. Da suka ga ɗan'uwansa a jaka ta biyu, babbansu ya dubi fuskar Fidda ya ce a rufe, wannan rigimar gida ce. A cikin jirgi Abu Hayil ya yi gumi har ya kusa narkewa, ya kasa ɗaura ɗamarar da ya shekara yana koyarwa saboda bargo, ya kuma ƙi shiga banɗaki har aka sauka, don ya fara gaskata labarin mutumin Homs da shi da kansa ya ƙirƙira.

A Halifas jakar Fidda ta fito. Tasa ba ta fito ba. An ce wajen sauya jirgi ta bi wani zuwa wata nahiya.

Fidda mace ce mai cika alkawari. Rabin kofin shayi take zuba masa, rabin burodi, rabin bargo a ƙasar da ruwa ke zama dutse. In ya yi mata magana sai ta amsa rabi ta bar masa sauran. Jikan da suka zo dominsa ya ɗauka haka ake aure a Siriya. Abu Hayil ya rame har tumbin man zaitun ya koma inda ya fito, kullum yana tsaye a taga kamar mai jiran amarya.

Da sanyi ya fara sassautawa jakar ta iso, da tambarin garuruwan da ko malamin jirgi bai taɓa jin sunansu ba. Hayil ya kai ɓarin biyu garejin da yake aiki, aka liƙe su, aka yi musu ɗamarar ƙarfe. Abu Hayil ya miƙa kofinsa. Fidda ta zuba rabi, ta ce turmin da ba a ƙwanƙwasa ƙofa dominsa ba, dutse ne kawai.

Ta sa nama ta fara kirɓa. Gidan na katako ne, su kuma a sama suke. Ba a jima ba aka buga ƙofa da ƙarfi. Wata dattijuwar Baturiya ce mai suna Morin da ke zaune a ƙasansu, fuska ja wur, tana nuna sama tana nuna kanta, wai fitilarta na rawa. Fidda ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta san abin da ke kawo mace ƙofar mai turmi. Ta jawo ta ciki, ta nuna mata dutsen da alfahari, ta cika faranti da kubba ta danƙa mata.

Washegari farantin ya dawo a wanke, a goge, fayau.

Fidda ta riƙe baki. Ta ce baiwar Allah, ashe talauci ya kai haka a ƙasar nan. Ta sake cika shi ta tura Abu Hayil. Farantin ya dawo fayau, ta sake cikawa. Tsoho ya yi ta hawa da sauka har gwiwoyinsa suka fara salati. A ƙarshe ya tsaya a ƙofar Morin, ya buɗe ajinsa kamar a Za'atari: ya nuna farantin, ya girgiza kai, ya zaro lemo daga aljihu ya ɗora a kai, ya gyaɗa kai. Ya maimaita har ta daina kallonsa kamar mahaukaci.

Da yamma aka ƙwanƙwasa, a hankali wannan karon. Morin ce da faranti, a kansa wani gasasshen abu na tuffa. Fidda ta gutsura, ta tauna, ta ce ɗanye ne a tsakiya kuma matar nan tana bukatar tarbiyya, gobe ta hawo a fara. Sannan ta ɗauki buta ta cika wa Abu Hayil kofinsa har ya zuba a kan tire.

Sikelin yana nan Za'atari, ya bar wa Wadha. An ce ta fi shi mugunta.