Filash Uku Na Yaya Badruddeen

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Talata, 8 ga watan Yuli, 2025, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran Badruddeen Lukuman, mai gyaran kwamfuta a Kwararafa, yana da shekara arba'in da bakwai. A shagonsa ya yanke jiki ya faɗi, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce hawan jini ne.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Suwaiba. Mahaifiyata ƙanwar mahaifiyar marigayin ce, kuma ina da shagon buga takardu a Nasarawa Gwom, da tsofaffin kwamfutoci huɗu.

Yaya, sati biyu ke nan ina son rubuta wannan, amma duk sanda na zauna sai haushi ya riga hawaye zuwa. Ina jin haushinka, ina jin haushin mutane, na kuma fi jin haushin kaina.

Shekara biyu kana bi na da magana ɗaya: in rabu da kwafin Windows na bayan fage da ke kan kwamfutocina, in koma Linux, babbar manhajar da masu ita suka buɗe wa kowa, ya ɗauka, ya duba cikinta, ya gyara. Ni kuwa nakan ce abin da aka bayar kyauta ba zai yi ƙarko ba. Ba ni kaɗai ba ce. Tun da ka daina saka wa mutane manhajar sata, rabin masu kawo maka gyara suka koma wurin wasu, suna cewa Oga Badru ya cika taurin kai.

Sai ranar da wata ɗaliba, Ngozika, ta zo karɓar kundin bincikenta na kammala karatu, saura kwana huɗu ta miƙa. Bairos, cutar kwamfuta, ya shigo ta filash ɗin wani, ya cinye fayil ɗin. Ta zauna kan benci tana kuka, ni kuma na rasa inda zan sa fuskata. Ka bar shagonka ka zo, ka tayar da kwamfutar da filash ɗinka, ka yini kana tono. Babi huɗu ka ceto. Na biyar kuwa kai da kanka ka zauna kana bugawa, tana karanto maka daga rubutun hannunta. Ba ka tuna mini da gargaɗinka ba, ko da wasa.

Washegari ka ajiye filash uku a teburina, ka manna wa kowanne takarda da sunan nau'in Linux ɗin da ke ciki: Ubuntu, Debian, Mint. Ka ce, “Kada ki zaɓa da ido, Suwaiba. Ki yi aikinki na kullum da kowanne har sati guda. Ki buga wasiƙa, ki cike fom, ki fitar a firinta. Wanda bai sa kika kira ni ba, shi ne naki.”

Ubuntu hannuna bai saba da tsarinta ba. Debian ita ce taka, amma ka ce in rabu da abin da kake so, ba kai za ka zauna a shagon ba. Mint na ɗauka, don komai nata yana inda hannuna ya saba nema. Ka gyara mini madannai har ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa ba wahala, abin da na yi shekara goma ina fama da shi.

A sati na biyu da komawata Mint firinta ta ƙi aiki, ga mutum shida suna jira. Na kira ka na zazzage maka abin da ke cikina. Na ce ka kashe mini sana'a da kayan kyautarka, na ce da ma ban saurare ka ba. A lokacin kana Bukuru, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ka hawo mota ka zo, rigarka sharkaf. Ka leƙa bayan teburin, ka tura wayar firintar da ta zare, takarda ta fara fita. Abin da ka ce kawai shi ne, “Akwai shayi?”

Na ba ka shayi, amma ban ba ka haƙuri ba. Na ce a raina gobe ma rana ce. Yaya, ka yafe mini.

Kwamfuta uku ka gama mini. Ta huɗun ka ce sai ranar Alhamis. Tana nan yadda ka bar ta.

Kai ma ina da ƙorafi a kanka. Matarka Maimunatu ta nuna mini maganin hawan jininka, ko rabi ba ka sha ba. Kullum ka ce kana sauri. Kuma ba ka rubuta komai ba, duk ilimin yana cikin kanka. Malam Gyang, shugaban makarantar Bukuru da ka raya wa kwamfutoci ashirin da aka riga aka jibge a sito, ya kira ni sau uku yana tambayar wa zai ci gaba da kula da su. Ni da na koyi abin jiya, me zan ce masa? A wurin zaman makoki kuma na ji waɗanda suka guje ka suna yabon gaskiyarka. Na tashi na fita, don kada in yi magana.

Allah ya ji ƙanka, Yaya. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa hidimar da ka yi wa mutane ta zame maka sadaka mai gudana, ya sa Aljanna ce makomarka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna mahaifiyarka, da 'ya'yanka huɗu, da maƙwabtanka na Kwararafa, Musulmi da Kirista, da suka rufe shaguna suka raka ka. Allah ya ba mu haƙuri.

Anti Maimunatu, Asabar nawa ya yi a shagona, alhali ranarku ce ke da yara? Ban taɓa tambayar ko kina jiransa ba. Ke ma ki yafe mini.