Mai Guga da Mesar Ɗanta

Mai guga ta daɗe tana tsoron mesar da ɗanta yake kiwo cikin akwatin gilashi. Da ɗan ya rasu, ta kasa rabuwa da ita. Zafin guga yana busar da ɗakin, don haka kullum takan fesa wa akwatin ruwa da gorar yayyafa wa kaya, ta shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ciki, don kada tsohuwar fata ta maƙale wa mesar a ido idan ta zo saɓa.

Da ciwo ya kwantar da ita a asibiti, ta bar wa ƙanenta amanar mesar. Ta dawo ta tarar kwanon ruwan ya ƙafe, mesar ta sandare.

"Yaya, maciji ne fa kawai," in ji ƙanen.

Ba ta dube shi ba. Ta ce ya aro mata shebur ta binne ta.