Hoton yayana a allon ordinatar

Jiya matar yayana ta ajiye tsohuwar ordinatar ɗinsa, wato kwamfutarsa, a gabana. Da kamfani ya rage ma'aikata a Arlit ne ya tafi haƙar zinariya Tchibarakaten, rami ya rufta da shi.

Ta ce in tattaro mata wajen canza launi, girman rubutu da hoton allo wuri guda, ta huta da lalube.

Na ce, "Yaya Hadiza, rubutun ne ya yi ƙanana?"

Ta ce, "A'a. In Tima ta ga hoton babanta a allon, ba ta cin abinci. So nake in ta shigo in cire da sauri, in ta fita in mayar."

Na gyara mata.

Ku da kuka yi rashi, yaya kuke yi da hotunan?