Shekarar da Muka Kyautar da Jujinmu

Ku matso, ku aro mini kunnuwanku. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce, a tsakar gidana aka yi shi.

Gidanmu yana Ƙofar Sauri, gonarmu ɗaya tana bayan gari. A bayan ɗakina akwai juji. Tokar murhu, kashin awaki, sharar tsakar gida, duk nan nake zubawa shekara guda cur. Idan bazara ta yi, maigidana ya kwashe a mangala, jaki ya kai gona. Da wannan gero yake cika mana rumbu.

Shekarar da sojoji suka koma bariki, aka zaɓi ɗan maƙwabcinmu kansila, yaron da na goya. Ya shigo har tsakar gida ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce gwamnati za ta sauke takin zamani da rahusa, kowane manomi da buhunsa. Ya kalli jujin ya yi dariya.

"Inna, an daina wannan wahalar. Mulki ya dawo hannunmu."

Maigidana ya je sakatariya ya dangwala yatsa, aka ba shi 'yar takarda. Ya naɗe ta ya sa cikin hula. Da wani mai lambu ya zo neman jujin, sai ya ce ya kwashe kyauta. Na ce mashi a bar ko rabi, ya ce jakin ya tsufa, shi ma bayansa ya gaji. Na ƙyale shi, don ni ma zuciyata ta yarda da takardar nan.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka a ƙasar da ba ta ci komai ba. Aka yi noman farko, lokacin zuba taki ya zo. Kullum maigidana ya tafi sakatariya, kullum a ce motar tana hanya. Ran nan ya dawo ya zauna bakin ƙofa bai cire takalmi ba. Ya ce ya ga buhunan a kasuwa, jibge a shagon wani Alhaji na Jiyare, unguwar manya, wanda ko fartanya bai taɓa riƙewa ba, ana sayarwa da tsadar da ba ta talaka ba.

Namu takin ya iso bayan gero ya fitar da kai. Buhu ɗaya aka ajiye wa 'yan layinmu gaba ɗaya, aka raba da tiya. Maigidana ya kawo nasa a ƙullin zanena.

"Ajiye," ya ce. "Geron ya wuce cinsa."

Gona ta yi ja, ƙuduji ya rufe ta. Abin da muka girbe bai kai mu tsakiyar rani ba, muka sayar da awakin muka ci. Babu awaki, babu juji. Damina ta gaba gonar ta fi lalacewa, ta uku aka sayar da ita.

Maigidana ya koma dako a kasuwa, yana sauke buhunan wasu, har ciwon baya ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa. Alhajin ya ƙara shaguna. Kansila ya bar unguwa ya yi gini a sabon gari, in ya gan ni a gidan suna sai ya ɗago hannu daga nesa. Mai lambu har ya rasu yana aiko mini da alayyafo. Ni kuwa ina ɗaki a gidan ɗiyata, da mudu ake auno mana gero.